Tafiyar ƙafa a tsoffin filayen kuza na Jos: yadda za ka zagaya Rayfield ka dawo lafiya

Idan ka shigo Jos ta wajen Bukuru da hantsi, idonka ba zai kauce wa wasu jajayen tuddai masu tsini ba, a jere kamar an kifa ƙore, kusan kowanne da tafki kwance a gindinsa. Baƙo yakan ɗauka haka Allah ya halicci wurin, alhali hannun mutum ne ya tona, shi ne kuma ya tara. Ƙasar da aka kwashe daga rami ita ta zama tudu, ramin kuwa damina ta cika shi ya zama tafki. Abin da haƙar kuza ta bari ke nan bayan kimanin shekara 80 ana yi ba ji ba gani, kuma filin da ta tone a tsaunin Filato ya haura murabba'in kilomita 300.

Na yi shekaru ina bin waɗannan filaye da ƙafa, galibi ranar Asabar da sassafe, kuma har yau ban gaji da su ba. Tafiya ce mai sauƙi ga gwiwa. Ba irin hawan duwatsun Shere ba ce, waɗanda tsayinsu ya haura mita 1,800. Dattijo mai ƙwarin jiki zai iya, yaro ɗan shekara goma ma zai iya idan ana riƙe da shi. Sai dai sauƙin nan yana da yaudara, don ƙasa ce da aka huda ta ko'ina, kuma ƙasa ce mai masu ita. Babu allo, babu alamar da ke nuna hanya. Hanyoyin ƙafa ne na manoma da makiyaya da 'yan kuza. Wanda ya iya karanta ƙasar, ya kuma girmama mutanenta, shi zai more tafiyar.

Mataki na farko: fara da gidan tarihi

Kwana ɗaya kafin tafiyar, ka ware awa biyu ka shiga gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Na sa wannan a gaba ne saboda wanda ya je filin kuza bai san labarinsa ba, tarin ƙasa kawai zai gani ya dawo.

Tun kafin Bature ya zo, mutanen ƙasar nan sun san kuza. Maƙeran garuruwan Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka ta, su zuba ta ta fito siri-siri kamar tsinken ciyawa, fatake su ɗaure ta dami-dami su kai kasuwanni masu nisa. Irin waɗannan tsinkayen ne ma'aikatan Kamfanin Neja, wani kamfanin cinikin Turawan Ingila, suka gani a hannun 'yan kasuwa, suka bi sawunsu har suka gano inda ake samo su. A wajen 1904 wani injiniya mai suna Kanar Laws ya kafa sansani a Naraguta, daga nan kamfanoni suka yi ta kwararowa, sana'ar maƙeran gargajiya kuma aka danne ta. Da farko 'yan dako ne ke ɗaukar kuzar a ka har Loko, bakin kogin Binuwai. Sai a 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso tsaunin, a 1927 kuma babban layi ya shigo ta Kafanchan. An rufe ƙaramin layin a 1957, amma za ka ga tsohon kan jirgi a harabar gidan tarihin, ka tsaya kusa da shi ka ga ƙanƙantarsa.

Can ciki kuma akwai kawunan yumɓu na Nok. 'Yan kuza ne suka fara tono su a 1928 a ƙauyen Nok da ke kudancin jihar Kaduna ta yau, kuma Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihin, shi ya gane cewa aikin wata tsohuwar al'umma ce da ta rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Wato diga da shebur ɗin lebura ne suka fito da wannan tarihi fili. Ka riƙe wannan a ranka gobe idan kana taka ƙasar.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Mafi kyawun lokaci shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe ta yi ƙarfi, ciyawa ta fara kwanciya har kana iya ganin abin da ke gaban ƙafarka. Nuwamba ta fi mini kowane wata, don tafkuna a cike suke, lambuna sun fara kore, ƙurar hunturu kuma ba ta riga ta rufe sararin ba. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko wajen digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka, tunda garin yana bisa tsayin kimanin mita 1,200.

Damina a Jos doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, kuma Yuli da Agusta sun fi ruwa. Ban ba kowa shawarar shiga filin kuza a lokacin ba. Jar ƙasar tana zama santsi kamar sabulu, bakin tafki yana zabtarewa, doguwar ciyawa tana rufe ramuka, ga tsawa a fili inda kai ne abu mafi tsayi. Farkon damina ma akan yi ƙanƙara.

Ka tashi da ƙarfe 6:30 ko 7:00 na safe, ka yi niyyar gamawa kafin 11:00. Iskar Jos tana da sanyi, amma ranarta tana ƙona fata ba ka sani ba.

Mataki na uku: da ɗan gari akan ci gari

Wannan matakin ya fi duk sauran nauyi, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Jos ta sha rikici a 2001 da 2008 da 2010, unguwanni sun rabu, har yau kuma akan samu hare-hare a wasu ƙauyukan Barikin Ladi da Riyom da Bokkos da Bassa. Filayen kuza mafi faɗi suna can kudu, amma baƙo ba ya faɗa musu kai tsaye. Shi ya sa na zaɓi kewayen Rayfield, a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, inda gari ya riga ya kewaye yawancin tafkunan, ga jama'a ga titi kusa.

Ko a nan ɗin ma kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ku wuce mutum shida, don taro mai yawa yana jawo ido. Ku nemi ɗan unguwar da ya san hanyoyin ya kuma san mutane, ku yi ciniki da shi tun kafin ranar, ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba. Yankin ƙasar Birom ce. Idan hanyarku za ta ratsa ƙauye, ɗan rakiyar ya fara kai ku wurin mai unguwa ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Magana ce ta minti biyar: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, mun zo ganin tsoffin wuraren kuza ne, za mu bi ta gefen dam mu fita." Kusan kowa a nan yana jin Hausa, kuma ban taɓa yin irin wannan gaisuwa na ga ta faɗi ƙasa banza ba. Sau da yawa ma a nan ake gaya maka inda aka buɗe sabbin ramuka, ko wani wuri da al'ada ta hana baƙo shiga. Idan aka ce kada ku bi ta can, to kada ku bi, kada kuma ku nemi dalili.

Daren da za ku tashi, ka sake kiran ɗan rakiyar ka tambaye shi lafiyar gari. Idan ya yi jim kafin ya amsa, ko ya ce a bari sai wani mako, ku bari. Ka kuma bar wa wani a gida sunan wurin da za ku da lokacin da za ku dawo.

Mataki na huɗu: kayan tafiya

Ba a bukatar kaya masu tsada. Takalmi rufaffe mai taurin ƙasa, kambas ma ya isa, amma ban da silifa. Dogon wando mai kauri saboda ƙaya da ciyawa. Rigar sanyi da za ka iya cirewa idan rana ta ɗaga, da hula mai inuwa. Ruwan sha lita 2 ga kowane mutum, da ƙarin gora ɗaya idan za ka bukaci alwala, don kada ta kai ka bakin tafki. Guzuri mara nauyi: dabino, gyaɗa, dafaffen ƙwai, ƙuli-ƙuli. Man kaɗanya don leɓe da hannu a lokacin hunturu. Filasta da bandeji. Waya cike da caji, da katin shaida a aljihu saboda shingayen jami'an tsaro. 'Yan canji kuma, don kuɗin keke da sayen kayan lambu.

Abu ɗaya da ba na yarda a bari shi ne sanda. A filin kuza sanda ita ce idon ƙafarka, kuma za ka ga dalili nan gaba.

Mataki na biyar: tsara hanya da isa wurin

Buɗe Google Maps ka juya shi zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ka duba tsakanin Rayfield da Bukuru. Tafkunan za su fito maka ɓaro-ɓaro, wasu kore wasu baƙi-baƙi, da siraran hanyoyin ƙafa farare a tsakaninsu. Ku zauna da ɗan rakiyar ku fitar da zagaye na kilomita 6 zuwa 8, wanda zai fara ya kuma ƙare a wurin da keke ke zuwa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mutum yana cin kimanin kilomita 4 a awa, to idan aka haɗa da tsaye-tsaye da gaishe-gaishe, awa uku ke nan. Ka sauke taswirar a waya tun a gida, ko da sabis zai yanke. Amma ka sani hoton yana iya zama na bara ko na bara waccan, gini kuma yana cin filayen nan da sauri, inda ka ga hanya kana iya tarar da katanga. Maganar ɗan gari ita ce gaba da ta taswira.

Daga Taminus, a tsakiyar garin Jos, ka hau motar Bukuru, ka sauka a mahaɗar tsohon filin jirgi, daga nan keke zai shigar da kai Rayfield. Wuri mafi sauƙin farawa shi ne wajen shaƙatawa na Rayfield, wanda shi kansa a bakin tsohon ramin kuza aka gina shi. Ba nisa da nan akwai filin wasan golf da Turawan kuza suka kafa a 1913, wanda ake lissafa shi a matsayin mafi tsufa a Nijeriya. Gidan gwamnati da wasu wuraren jami'an tsaro suna wannan yanki, saboda haka wayarka ta zauna a aljihu har sai kun fita fili.

Mataki na shida: ka koyi karanta ƙasar

Da kun bar kwalta, ka rage sauri. Abin da ya kawo ka yana ƙarƙashin ƙafarka da gefenka.

Fara da tuddan. Kuza tana fitowa ne daga cikin duwatsun tsaunin. Shekaru aru-aru ruwa yana farfasa dutsen yana wanke ƙwayoyinta zuwa cikin rafuka, kuma da yake ta fi yashi nauyi fiye da ninki biyu, sai ta kwanta a ƙasan rafi. Daga baya ƙasa ta binne waɗancan tsoffin rafuka. Don haka mai neman kuza dole ya kwashe duk ƙasar da ke sama kafin ya kai ga tsakuwar da ke ɗauke da ita. Da farko da diga da shebur da kwanon sarki aka yi, leburori a jere kamar tururuwa, heluma, wato shugabansu, yana tsaye a kansu. Daga baya aka kawo manyan injina masu dogon wuya da guga, suna kamfatar ƙasa suna juyawa suna zubarwa wuri guda. Tudun da ka ga ya yi tsini kamar dala, aikin irin wannan inji ne. Idan ka ga tuddai sun yi layi, tafkuna ma sun yi layi a gefensu, to tsohon rafin da aka binne ne kake bi, injin ya bi shi taku bayan taku. Ranar da na fara gane wannan, filin gaba ɗaya ya canja mini kama.

Injinan nan da famfunan ruwa wuta suke ci, shi ya sa tsaunin ya samu lantarki da wuri. Kamfanin lantarki na NESCO, wanda aka kafa a 1929, daga ruwan Kurra ya riƙa samar da wuta don wuraren haƙar kuza. A 1939 aka haɗe wasu kamfanonin kuza suka zama kamfani ɗaya mai suna ATMN, wanda ya fi kowanne girma a yankin, kuma tsofaffi har yau da wannan sunan suke kwatance. Za ka iya cin karo da ragowar aikinsu: gindin famfo na siminti da ƙusoshi masu tsatsa, guntun bututu, tsohuwar magudanar ruwa da ciyawa ta cike. Ka duba, ka ɗauki hoto, ka bar su inda suke.

Sai itatuwan turare da za ka gani a jere a kan wasu filaye. Ba su fito da kansu ba. Dasa su aka yi lokacin da aka fara ƙoƙarin gyara ƙasar da aka lalata, bayan an baje wasu tuddan. Inuwarsu tana da daɗin hutawa, ƙamshin ganyen kuma yana tashi idan ka murza shi a hannu, amma ka lura da yadda ƙasan su yake fayau, ba abin da ke tsiro sosai.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne lambuna. Ramin da ya cinye gonar kaka, yau shi ke shayar da lambun jika. Da rani za ka ji ƙarar injin ban-ruwa tun daga nesa, ka ga tiyo ya miƙe daga tafki zuwa fangaloli na kabeji da karas da latas da koren wake da tumatir da dankalin Turawa. Kayan da ake lodawa zuwa Abuja da kudu, da yawa daga irin waɗannan wurare suke fitowa. Ka bi ta kan kunya ko gefen shinge, kada ka ratsa fangali, kada ka taka tiyo. Shingen ƙerana da ke kewaye gonaki da gidajen Birom kuwa, kada ka karya shi, kada yaro ya taɓa shi. Farin ruwan da ke fita daga jikinsa yana ƙona fata, idan ya shiga ido kuma abin ba kyau. In tsautsayi ya sa ya shiga, a yi ta wanke idon da ruwa mai tsabta, a nufi asibiti.

Mataki na bakwai: tafki da rami

A nan ne nake roƙon mai karatu ya ba ni hankalinsa duka.

Mutanen Jos suna ce wa tafkunan nan dam. Da safe ruwan yakan kwanta lumui, tudu da sararin sama suna ciki kamar madubi, balbela da zalɓe suna bakin gaɓa, wani lokaci garken kirinjijiya ya tashi da kuka. Kyan nan shi ke jan mutane. Amma dam ba kogi ba ne da zurfinsa ke ƙaruwa sannu a hankali. Rami ne da inji ya yanka, bangonsa a tsaye yake. Taku biyu daga gaɓa ruwa yana iya shanye dogon mutum, ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, can ciki kuma sanyinsa yana ɗaure jijiya. Iyalai da yawa a Jos da Bukuru sun rasa 'ya'ya a cikin waɗannan ruwaye, har da waɗanda suka iya iyo. Kada ka shiga, kada ka sa ƙafa, kada ka sha. Ruwa ne da ba ya gudu, ana iya ɗaukar tsargiya a irinsa. Ka bar aƙalla taku biyar tsakaninka da baki, musamman inda gaɓar ta yi tsayi, don ruwa yana cin ta ta ƙasa, saman ya rage kamar rufin da ba ginshiƙi. Mai son hoto ya tsaya inda ɗan rakiya ya nuna masa. Idan wani ya faɗa, kada kowa ya bi shi. A kwanta rub-da-ciki a miƙa masa sanda, ko a jefa masa jarka mara komai mai murfi, a yi ihu masu lambu su kawo ɗauki.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Bayan kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan kamfanoni suka watse, sai talakawa suka ci gaba da haƙa da hannu. Suna tona rami mai kama da rijiya, wanda ake kira loto, su sauka da igiya har su kai ga tsakuwar kuza, sannan su yi ta rarake gefe-gefe a ƙarƙashin ƙasa. Idan wurin ya ƙare sai a koma gaba, ramin kuma a bar shi a buɗe. Bakinsa bai fi faɗin rijiyar gida ba, ciyawa tana rufe shi cikin damina ɗaya. Wata safiya a watan Nuwamba ina gaba, na kai sanda cikin wata ciyawa da ke gefen hanya don in gajarce kwana, sai na ji sandar ta tafi ba ta taɓa komai ba. Da muka buɗe ciyawar muka jefa dutse, sai da muka yi shiru kafin muka ji ƙararsa a cikin ruwa. Tun daga ranar ban sake barin hanyar da ƙafa ta riga ta taka ba.

Alamomin wurin loto su ne ƙananan tsibin farar ƙasa ko tsakuwa a warwatse, guntayen buhu, itace biyu a kafe da aka taɓa ɗora abin jan guga a kai, da ƙasar da ta lotsa kamar kwano. Idan ka ga ɗaya, to akwai goma kusa. Ku jeru ɗaya bayan ɗaya, ɗan gari a gaba, yara a tsakiya, sanda tana riga ƙafa sauka. Kada ka leƙa rami, don bakinsa yana iya tafiya da kai, kada kuma ka tsaya tsakanin ramuka biyu, tunda ƙarƙashinsu a rarake yake.

Mataki na takwas: idan kun tarar da masu aiki

Kusan tabbas za ku haɗu da masu wankin kuza a bakin wani ruwa, galibinsu mata. Ka fara da sallama daga nesa: "Sannunku da aiki, Mama." Idan sun amsa da sakin fuska, ka nemi izini ka tsaya ka kalla, don abin kallo ne. Takan ɗebi tsakuwa a ƙwarya ko faranti, ta nutsa shi rabi cikin ruwa, ta riƙa juya shi a hankali tana karkatawa. Yashi mara nauyi yana bin ruwa yana fita, ta sa yatsa ta tsince manyan duwatsu, ta sake juyawa. Can sai ka ga wani baƙin gari mai ƙyalli ya taru a gindin ƙwaryar, bai fi cikin cokali ba. Idan ta zuba maka a tafin hannu za ka yi mamakin nauyinsa. Kuzar ke nan. Daga ita ake fitar da ƙarfen da ake shafe gwangwani da shi, da dalmar da ke liƙe kayan cikin wayar da ke aljihunka. Tare da ita akan samu wani ma'adini mai suna kolombait, wanda a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi.

Kada ka ɗaga waya ka ɗauki kowa hoto sai ya yarda. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, a 2025 kuma gwamnatin jihar ta dakatar da haƙa na wani lokaci, saboda haka mai wannan sana'a yana da dalilin tsarguwa da baƙo mai kyamara. Kada ka tambayi nawa suke samu ko wa suke sayar wa. Kada ka sayi kuza don tsaraba. Haka nan baƙin yashin da ake zubarwa bayan an tace kuza, kada ka ɗiba, kada yara su yi wasa a kansa, domin yana ɗauke da monazayit, wani ma'adini mai fitar da tururin nukiliya. Wucewa ta gefensa ba abin tashin hankali ba ne, ajiye shi a ɗaki ko yin gini da shi ne matsala. Ka wanke hannu kafin ka ci guzuri.

Mataki na tara: hau tudu ɗaya

A tsakiyar zagayen, ku zaɓi tsohon tudu wanda ciyawa ta kama, mai hanyar da awaki da yara suka riga suka fitar, ku hau ta gefen da ba ya fuskantar ruwa. Minti biyar ya isa. Tudun da ruwa ya zaizaye ya yi kwari-kwari, ku bar shi.

Daga sama za ka ga abin gaba ɗaya: tafkuna a jere, koren lambu, rufin kwano na Bukuru, duwatsu can nesa cikin hazo. A nan nake son mutum ya zauna ya yi shiru kaɗan. Sunayen garuruwan yankin, irin su Sabon Gidan Kanar da Gindin Akwati da Dorowa Babuje da Barikin Ladi, suna gaya maka da wane harshe aka yi zaman barikin kuza. Mutane sun zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Bauci da Barno, wasu don neman kuɗin haraji, wasu kuma ba da son ransu ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutumin da ya taso a zafin Sakkwato aka kawo shi cikin sanyin nan da 'yar taguwa ɗaya, yana tsaye cikin ruwa tun asuba, abinci bai isa ba, ɗaki bai isa ba. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu da ƙafa. A 1943 ne haƙar kuza ta kai ƙololuwarta a Nijeriya, kuma da wannan wahala aka kai ta. Su kuma Birom da sauran masu ƙasar, gonakin accarsu ne suka koma waɗannan ramuka. Duk wanda ka gani a filin nan, mai lambu ne ko mai wanki ko ɗan rakiyarka, akwai yiwuwar kakansa yana cikin ɗayan labaran biyu. Ka tambaye shi cikin ladabi, sau da yawa za ka ji abin da ba a rubuta ba.

Wajen saukowa ka juya gefe, ka kafa sanda, ka sauko taku ɗaya-ɗaya. Tsakuwar kan tudu tana gangarawa da ƙafa.

Mataki na goma: komawa

Idan wani ya gurɗe ƙafa, a ɗaure da bandeji a tallafe shi zuwa titi mafi kusa, kada a dage sai an kammala zagaye. Idan maciji ne, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko agogo, a hana shi yawan motsi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, amma lambar mai keken da ya kawo ku takan fi saurin amfani, don haka ku karɓe ta tun da safe. Idan hadari ya haɗo ba zato, ku sauka daga tudu, ku nisanci ruwa da itacen da ke tsaye shi kaɗai.

Ledar ruwa da ɓawon ƙwai su koma cikin jaka, shanu da awaki suna kiwo a wurin. Idan hanyar komawa ta bi ta lambu, ka tsaya ka sayi kabeji ko karas a hannun mai shi, a gabanka zai tuge ya kakkaɓe ƙasar. Ku sallami ɗan rakiya, idan kun gaisa da mai unguwa da safe ku aika masa cewa kun fita lafiya. Kafin ka hau keke ka buga takalmanka a bakin kwalta jar ƙasar ta zube, sannan ka kira na gida ka ce kun fito.